Sule Biyun Da Suka Koya Mini Lissafi

Ran Asabar da daddare jikata, wadda ke karatun akanta a harabar jami'a ta Kongo, ta same ni a zaure nan gidanmu na Tudun Wada, fuska a murtuke. An ba su jinga, ta haɗa lissafin wani kanti na shekara, hagu da dama sun ƙi daidaita.

"Amarya, wa ya taɓa mini ke?"

"Kai dai bari, tsoho. Naira 270 ce ta hana ni barci. Zan cusa ta cikin kuɗin sufuri in huta."

Na ce ta raba 270 gida tara. Ta ce talatin cif. Na ce to, ta je ta duba inda lambobi biyu suka yi musayar wuri. Kafin shayina ya huce ta gano: 1,250 ta kwafa 1,520. Ta dube ni kamar na yi duba. Na ce babu tsibbu a ciki. In gibi ya rabu gida tara ba saura, fara zargin hannunki. In ya rabu biyu, nemi rabinsa, wataƙila kin ajiye shi a ɓangaren da ba nasa ba.

Cushen nan da ta so yi, ni na riga ta. Ina saurayi na riƙe wa wani attajiri littafin kantinsa a bakin kasuwar Tudun Wada, zamanin fam da sule, kafin naira ta shigo a Janairun 1973. Kwabo sha biyu sule, sule ashirin fam, kuma duk da ka muke yi. Wani ƙarshen wata sule biyu suka ɓace mini. Na gaji, na rubuta su a kuɗin dako. Bayan wata uku maigida ya zaunar da ni muka bi rasit ɗaya bayan ɗaya. Ashe kurakurai biyu ne suka rufa wa juna asiri: bashin fam biyar da ban rubuta ba, da wani biya na fam biyar da sule biyu da na shigar sau biyu. Bai zage ni ba. Ya ce, "Yaro, da ka ce mini ba ka gani ba, da na ce ka yi kuskure. Yanzu me kake so in ce?" Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Daga nan muka shiga tambayar haraji. An ce kaya sun tashi naira 10,750 har da harajin VAT na kashi bakwai da rabi cikin ɗari. Ta ɗauki kason daga jimlar. Na ce a'a, harajin ya riga ya shige ciki: asalin kuɗin 10,000 ne, na gwamnati 750, ɗan kasuwa ajiya kawai aka ba shi. Na ga zamanin kuɗin ƙasa da jangali, na ga Gwamna Balarabe Musa ya soke su a 1979, na ga VAT ya fara da kashi biyar a 1994 aka ɗaga shi a 2020. Adadi yana sauyawa, amma sai ka san naka ka san na wani kafin ka taɓa alƙalami. 'Yan kasuwa da yawa da na sani sun karye ne saboda sun ɗauki cinikin yini riba, suka ci uwar kuɗi suna murna.

Ta ce ƙawayenta a waya suke samo amsa. Na ce wayar ba za ta zauna gaban mai binciken kuɗi a madadinta ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma kan rubuta bashi take, don haka mai riƙe littafi shaida ne, kuma shaida ba ya cike abin da bai gani ba.

Da za ta tashi ta ce in ta fara ɗaukar albashi za ta biya ni ladan darasi. Na ce to, amarya, ɗauko biro ki rubuta, da kwanan wata.