Daga Zangon Agege, Ido na Sama

Duk baƙon da ya kwana a Zangon Agege, bayan kiran assalatu abin da zai fara ji shi ne rugugin jirgin sama, domin filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja maƙwabcin unguwar ne. 'Yan goro da mahauta sun saba, ko kai ba sa ɗagawa. Ni kuwa da na ga wani ɗan ƙaramin jirgi ya kutsa cikin hazon hunturu, babba na biye da shi, sai gabana ya faɗi: shin ta yaya suke ganin juna?

A masaukina na sami amsa wurin wani matuƙi da ya yi karatu a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Ya nuna mini wata na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba. Aikinta sauraron saƙon da jiragen da ke kusa suke watsawa, ta nuna nisansu da tsayinsu, ta yi ƙara in sun matso. Manyan jiragen fasinja suna da tasu a jikinsu, ita ce TCAS, wadda Amurka ta wajabta bayan wani ƙaramin jirgi ya yi karo da jirgin fasinja a Kalifoniya a 1986, mutum 82 suka rasu. Ƙananan jirage da yawa ba su da ita, saboda tsada. Wannan ta hannu ita ce gatan mai ƙaramin jirgi.

Amma fa, in ji shi, jirgin da ba ya watsa saƙo ba za ta gan shi ba. Kuma gargaɗi daban, dabarar kaucewa daban. Ya tuna mini da ranar 7 ga Nuwamba 1996, lokacin da jirgin ADC daga Fatakwal ya sami gargaɗi, ya karkata da ƙarfi don kauce wa wani jirgi, ya ƙwace wa matuƙansa, ya faɗa ruwa a Ejirin kusa da Epe. Babu wanda ya tsira.

Saboda haka na'ura mataimakiya ce ga ido da hasumiya, ba magajiyarsu ba. Amfaninta bai tsaya ga matuƙi ba. Rufin kwanon Agege duk a ƙarƙashinsa yake. Allah ya kiyaye na sama da na ƙasa, amin.