Danƙon da Ke Riƙe Fetur a Fiffiken Jirgi

A garejojin da ke bakin titin Kano zuwa Daura, inda ya ratsa Kazaure, akwai wata tsohuwar dabara da kusan kowane bakanike ya sani. Idan tankin babur ko na injin ban-ruwa ya fara naso, sai a ɗauko sabulu a goga a wurin har ya cike kafar. Fetur ba ya narkar da sabulu, don haka yoyon yakan tsaya, mai babur ya kai gida, manomin rani ya ƙarasa ban-ruwan ranar. Dabarar tana ci ne saboda akwai gefen titi: in sabulun ya saki, a tsaya a sake gogawa. Wanda ya ƙera jirgin sama da hannunsa ba shi da gefen titi. Shi ya sa, a cikin dukan kayan da irin wannan jirgi ke bukata, da wuya a sami wanda ke gwada haƙurin mai haɗa shi kamar wani gwangwanin danƙo mai wari da bai cika lita ɗaya ba.

Daga Kano zuwa Kaduna

Haɗa jirgi da hannu ba baƙon abu ba ne a Arewa. A 2007 kafafen labaran duniya suka ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Jirgin ya ɗaga daga ƙasa, amma bai wuce ƙafa bakwai ba. Labarin da aka fi mantawa shi ne na Air Beetle. Asalinsa jirgi ne mai suna RV-6A, wanda kamfanin Van's Aircraft na jihar Oregon a Amurka ya riƙa sayarwa gunduwa-gunduwa ga masu sha'awar haɗawa a gida. Najeriya ta sayi guda 60, aka haɗa su a Kaduna, rundunar sojan sama ta koyar da matuƙa da su daga shekarun 1990.

Basira ba ta ƙaranta ba a ɓangaren Kano. Abin da ya kai jirgin Kaduna sararin samaniya shi ne ɗaruruwan ƙananan ƙa'idoji da ba sa jan hankalin kowa, kuma toshe tanki na cikinsu.

A jirgi irin RV-6A babu wani tanki daban da ake sakawa kamar na mota. Gaban fiffiken shi kansa ne tankin: fatar alminiyam ce aka lanƙwasa, aka ɗaure ta da haƙarƙarin ciki da ɗaruruwan ƙananan ƙusoshi, kowane fiffike na ɗaukar kimanin lita 72. Kowace ƙusa kafa ce da fetur zai iya bi, kowace mahaɗar faranti biyu kuma hanya ce. Ga shi fiffike ba ya zama shiru: yana lanƙwasa a iska, yana buɗewa da rana, yana tsukewa da sanyin sama. Gam mai ƙafewa ya yi tauri, irin wanda ake cakuɗawa a gareji ya kama cikin minti kaɗan, zai tsage. Ana bukatar abin da zai zauna cikin fetur shekara da shekaru yana nan da laushinsa.

Wannan abu shi ne roba mai sinadarin farar wuta, wadda wani Ba'amurke, Joseph Patrick, ya yi kiciɓis da ita a shekarun 1920 yana neman maganin daskarewar ruwan injin mota. Masu haɗa jirage sun fi kiran danƙon da sunan kasuwa, Pro-Seal. Yana zuwa kashi biyu: babban gwangwani mai farin ƙulli, da ƙarami mai baƙin sinadarin da ke sa shi nuna. Da zarar an haɗa su, agogo ya fara aiki.

Saye: kwanan wata kafin farashi

A gaskiya agogon ya fara tun daga masana'anta. Masu yin danƙon kan ba shi wa'adin wata tara, da sharaɗin ba a buɗe shi ba kuma zafin ma'ajiyarsa bai wuce digiri 27 ba. A ce wani injiniya a Kazaure ya yi odarsa daga Amurka. Kafin gwangwanin ya bar shagon dillali, ya ƙetare teku, ya fito daga hannun kwastan, ya biyo mota daga Legas zuwa Kano, wani yanki na wa'adin ya tafi, kuma babu wanda zai faɗa masa kwana nawa kayan suka yi cikin kwantena a rana. Saboda haka abu na farko da ake tambayar dillali shi ne ranar da aka yi danƙon. Na biyu kuwa, ba a sayensa sai sassan tankin sun kammala suna jira. Wanda ya saya da wuri don gudun tashin dala, ya ajiye shi shekara guda, ya yi asarar kuɗin da yake gudun ƙarawa.

Rubutun jikin gwangwanin ma karatu ne. Harafin A na nufin mai ruwa-ruwa da ake shafawa da burushi, B kuma mai kauri da ake cike mahaɗa da shi. Lambar da ke biye ita ce awannin aiki bayan cakuɗawa: B-2 awa biyu ke nan, B-½ rabin awa. Sai dai an auna waɗannan awanni ne a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri shida zuwa goma na raba lokacin biyu. Da azahar ɗin watan Afrilu a Babura ko Gwiwa, inda zafi kan haura digiri 40, awa biyun nan za ta koma minti arba'in ko ƙasa da haka. Mai rabin awa kuwa zai fara ƙafewa a kan cokali.

Ajiya: darasin masu rigakafi

Masu haɗa jirage a Amurka firiji suke jefa shi su manta. A garin da wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, firijin da ya yi sanyi da dare ya ɗumame da rana bai cika alkawari ba. Amma yankin ya riga ya san maganin wannan matsala ta wata ƙofar. Duk wanda ya ga ma'aikatan rigakafin shan-inna suna ratsa ƙauyukan Roni da akwatin sanyi a kafaɗa ya san akwai kayan da zafi ke kashewa ba tare da kamanninsu sun sauya ba. Firiji mai aiki da hasken rana shi ne mafi aminci. Idan babu, Jigawa na da nata gado: tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. A busasshiyar iskar bazara tana saukar da zafi sosai, muddin an ƙulle gwangwanin cikin leda don kada danshi ya shiga, an kuma ajiye ma'aunin zafi kusa da shi ana dubawa. Ranar aiki, a fito da shi ya huce tukuna kafin a buɗe, domin raɓar da ke taruwa a kan abu mai sanyi na ɓata danƙon.

Shafawa da gwaji

Cakuɗawar da awo ake yi, kashi goma na fari da kashi ɗaya na baƙi, bisa nauyi, a kan ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya. Awon ido ba ya aiki a nan: baƙin ya yi kaɗan, danƙon ya ƙi nuna, ya yi yawa, ya kama kafin a gama. A juya har ya zama toka-toka babu zane ko ɗaya. Kafin nan an riga an kankare fuskar alminiyam ɗin, an wanke ta da sinadarin cire maiƙo, domin maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya hana danƙo kamawa. Kowace ƙusa cikin ɗanyen danƙo ake dasa ta, sannan a rufe kanta ta ciki da ɗan ɗigo.

Lokaci ma sai an zaɓa. Da bazara, bayan sallar asuba ne aiki ke yiwuwa, a riƙa cakuɗa kaɗan-kaɗan. Hunturu na ba da sanyi da isasshen lokaci, amma busasshiyar iskarsa na jinkirta nuna, ƙurarsa kuma na sauka kan duk abin da ke da danƙo. Sai a rufe tagogi, a yayyafa wa daɓe ruwa kamar mai shirin shara. Daga kowane cakuɗi a ɗebi ɗan kaɗan a ajiye a kan takarda da kwanan wata. Idan wannan ya nuna, na cikin tankin da ido ba ya gani ma ya nuna. Yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin ya yi ƙarfi, kusan mako biyu kafin ya gama nuna.

A wurin gwaji ne sabulu ke samun aikinsa na gaskiya. Ana toshe kafofin tankin, a ɗaura balan-balan a bakin bututun shaƙar iska, a hura iska kaɗan ƙwarai, don mai yawa na kumbura tankin ta lalata shi. Sai a bi kowace ƙusa da ruwan sabulu. Inda kumfa ya taso, akwai yoyo. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Akwai gajeriyar hanya da ke ruɗin masu gaggawa: wani ruwan fenti da ake zubawa cikin tanki a jujjuya ya lulluɓe ko'ina. Bayan shekaru yakan ɓare ya toshe bututun da ke kai mai ga inji, har kamfanin Van's ya fitar da gargaɗi a kansa. Haɗarin ya fi girma ga wanda zai yi amfani da fetur ɗin mota saboda tsadar man jirgi, tunda barasar da ke cikin wani fetur na iya tausasa irin wannan rufi. Najeriya ba ta manta gurɓataccen man da ya shigo a farkon 2022 ba, Jigawa kuma, bayan gobarar tankar Majiya ta Oktoba 2024 da ta ci rayuka fiye da 150, ba ta bukatar a faɗa mata abin da zubabben fetur ke yi.

Koyon wannan aiki bai bukatar jirgi. A ɗakin gwajin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ƙaramin akwatin alminiyam, da gwangwani ɗaya mai kwanan wata, da sikeli, da littafin rubuta awo sun isa. Ɗalibin da ya toshe akwatin nan ya kwana da iska ba kumfa ko ɗaya ya mallaki hannun da masu tankoki da janareta ke nema tun yau, kuma shi ne za a iya damƙa wa fiffike ranar da wani ɗan yankin ya yi niyyar wuce ƙafa bakwai.