Ranar da Alhaji Ya Zauna a Kan Benci

Mako shida muka yi muna gardama ɗaya a ofis, har yaron da ke kawo mana shayi ya haddace ta. Da ya ga fuskokinmu sai ya ce, "Yau ma maganar mata biyar ce?"

A farkon 2023 ne, lokacin da takardar kuɗi ta yi wuya bayan an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Mai ƙosai ma sai da ta koyi karɓar tiransifa. Mu kuwa, a wani ƙaramin kamfani a Kano, mun ƙera manhajar adashe: uwar adashe ta yi wa mutanenta rajista, kowa ya yi zubi daga wayarsa, ranar kwasa kuɗi su faɗa asusun mai ɗauka. Mun zaci lokacinmu ya zo. Mata suka sauke manhajar, suka yi zubi ɗaya, wasu biyu, daga nan shiru. Alhaji, mai kuɗin aikin, ya ce idan Ƙaramar Sallah ta zo ba a ga sauyi ba zai rufe. Mu takwas ne ke cin abinci a wurin.

Aikina shi ne binciken yadda mutane ke ji da abin da aka ƙera musu: inda suke ruɗewa, inda suke gajiya, inda suke ajiye waya. Goggona ta taƙaita shi da cewa ana biyana albashi in kalli mutane suna latsa waya. Ba ta yi ƙarya ba.

Kowa ya yarda sai an yi bincike. Yadda za a yi shi ne ya raba mu gida uku.

Alhaji ɗan Kantin Kwari ne, lissafi ya rene shi. Ya ce a ɗauki ɗalibai su kira mutum dubu a waya, a kawo masa adadi. Injiniya, wanda ya gina manhajar, ya ce tambayar mutane ɓata lokaci ne, tunda manhajar na rubuta duk inda aka latsa. A yi samfuri biyu, a raba wa mutane, a ga wanda ya fi ci. Ni kuma na ce a ba ni mata biyar in zauna da kowace a inda take sana'arta, in ba ta wayar ta yi zubi a gabana tana faɗin abin da ke ranta.

"Biyar?" in ji Alhaji. "Malama, ko atamfa ba na sara a kan maganar mutum biyar."

Na zaro hujjata. Na ce wani masani ɗan ƙasar Denmak, Jakob Nielsen, ya rubuta a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da manhaja, bisa wani aiki da suka yi da Thomas Landauer a 1993. Dalilin ba boyayye ba ne: babbar matsala kowa na tuntuɓe da ita, don haka daga mutum na huɗu ko na biyar sai ka fara ganin abin da ka riga ka gani.

Alhaji ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Shi wannan Baturen ya taɓa zubin adashe?"

Aka yi dariya, na ji zafi, na ce kiran mutum dubu ɓarnar kuɗi ce. A gaban yara na faɗa, ga mutumin da ya haife ni. Injiniya ya ƙara da cewa nawa binciken hira ce da 'yan uwa. Daga ranar gaisuwa ta koma ta dole.

Kowa ya kama nasa. Ɗalibai suka kira, mafi yawan matan suka ce manhaja ta yi kyau, Allah ya ƙara basira. Injiniya ya nuna cewa da yawa kan buɗe shafin farko bayan zubi, su rufe, ba su ƙara dawowa. Ya sauya launin maɓalli, ya ƙara girmansa, bai ga wani bambanci ba. Muka zauna da takarda mai cewa ana son mu da wata mai cewa ana gudun mu. Ni kuma an hana ni kuɗin mota, sai na zauna ina jiran su kasa. A gaskiya har daɗi nake ji, alhali albashina na cikin abin da zai nutse.

Wani dare na kai wa Goggo ƙara. Ta fi shekara ashirin tana riƙe da adashen matan unguwarmu a wani littafi mai bangon leda. Ta ce, "Idan mata suka yi rigima a kan wa zai fara kwasa, ba na tambayar wa ya cancanta. Kowace zan ja ta gefe in ce, me za ki yi da kuɗin, kuma yaushe? Sai ki ga mai bikin 'ya sai bayan Sallah take so, mai kuɗin haya gobe take so. Ashe ba rigima. Ke kin tambayi mutanen nan abin da suke tsoro?"

Ban tambaya ba. Washegari na sami Alhaji shi kaɗai, na ba shi haƙuri. Na ce, "Ranka ya daɗe, idan aka bi tawa hanyar, me kake gudu?" Ya ce yana da abokan tarayya da suka zuba kuɗi saboda sunansa. Ba zai iya zuwa ya ce musu an sake kashe kuɗi saboda wata mata ta ce kaza ba. Injiniya kuma ya ce shekara guda ya yi yana ginin nan, kuma ya taɓa rushe aikin wata uku a wani wuri saboda son ran mutum ɗaya. Nawa tsoron ban faɗa wa kowa ba: kada a gane za a iya yin aikin ba tare da ni ba.

A zama na gaba na roƙi kada a ambaci hanyar bincike ko ɗaya sai mun rubuta tambayoyinmu a allo. Uku suka fito. A ina mata ke tsayawa? Me ya sa suke tsayawa? Su nawa abin ya shafa? Muka tsaya muna kallon allon. Ta farko Injiniya ya riga ya amsa ta. Ta uku ita ce ta Alhaji. Ta tsakiya ce babu wanda ya taɓa, kuma ba tare da ita ba ɗaliban Alhaji ba su san abin da za su tambaya ba, Injiniya bai san abin da zai gwada ba.

Muka yi yarjejeniya kafin kowa ya ga sakamako. Zan zauna da mata biyar. Duk abin da na samo ba za a taɓa manhaja a kansa ba sai an ƙirga shi a waya, sannan an gwada gyaran a samfuri biyu. Idan ƙidaya ta ƙaryata ni, na haƙura. Ni ma na kafa sharaɗi ɗaya: su biyun su biyo ni kasuwa safiya guda, kuma su yi shiru.

Ana saura kwanaki a fara azumi muka shiga Kasuwar Rimi. Wata Hajiya mai sayar da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa ta ba mu benci. Alhaji ya tattare babbar riga ya zauna. Na ce, "Hajiya, ki yi zubin wannan makon kamar ba ma nan."

Ta ɗaga murya ta kira ɗanta. A nan na fara sanin cewa ba ita ke latsawa ba. Yaron ya buɗe manhajar, jimillar kuɗinta ta bayyana da manyan lambobi a saman shafi, abin da muke alfahari da shi a ofis. Ta fizge wayar ta kife ta a kan faifai, ta aike shi sayo ruwa.

"'Yata, wannan abin naku ba shi da sirri," ta ce. "Kuɗin adashe ba a faɗarsu. Yaro ya gani, ubansa ya ji, kafin magariba mai asibiti da mai biki sun yi sallama. Ni injin niƙa nake tara wa."

Alhaji ya kasa riƙe alƙawarin shiru. "Hajiya, da an kira ki a waya an tambaye ki, me za ki ce?"

"An kira ni ai, Alhaji. Na ce ya yi kyau. Yaro ya gaishe ni da ladabi, in ce masa aikinsa bai yi ba?"

Uku daga cikin biyar ɗin sai da wani ya riƙe musu waya, kuma dukkansu sun yi yunƙurin rufe lambobin. Biyu sun tsaya cak a maɓallin da muka rubuta "Ajiya", domin a wurinsu zubi ake yi, ajiya wani abu ne dabam. A mota Injiniya ya yi ta kallon taga, can ya ce, "Shafin nan ne nake gani a lissafina. Wata biyu ina kallonsa."

Ni ma na sha nawa kashin. Mata biyu sun yi ƙorafi sosai a kan saƙon tuni da muke aikawa da sassafe, na rubuta shi a matsayin babbar matsala. Da aka sake kiran mutane, wannan karon da tambayoyi a kan abin da suka yi, kamar wa ya riƙe wayar a zubin ƙarshe, sai ya fito cewa haɗa waya da yara ko miji ruwan dare ne, amma saƙon safe 'yan kaɗan ya dama. Da an bi ni kaɗai, da mun ɓata makonni a kai. Shi kansa Nielsen da nake dukan mutane da sunansa ya faɗa cewa biyar ta gano matsala ce, ƙidaya kuwa tana buƙatar mutane da yawa fiye da haka. Na san wannan tun farko, na dai ɓoye shi saboda ba ya taimakon gardamata.

Injiniya ya rufe jimillar sai an sa lambar sirri ta biyu, ya mai da "Ajiya" ta koma "Zubi", ya gwada da tsohon samfurin. Sabon ya fi riƙe mutane. Ba mu yi arziki ba, amma Sallah ta zo ta wuce ƙofar ofis a buɗe. Gardama ma ba ta ƙare ba, ko makon jiya mun yi wata. Sai dai yanzu da murya ta fara tashi, Alhaji kan miƙa wa wani alƙalamin allo ya ce a fara rubuta tambayar.

Goggo har yau ba ta sauke manhajar ba. Na nuna mata gyaran, ta yaba, ta sa albarka, ta mayar da littafinta ƙarƙashin matashi. Na san me yabon nan yake nufi, shi ya sa na roƙe ta ranar Juma'a ta bar ni in zauna kusa da ita lokacin da mata ke kawo zubi.