Uwar marayu

A ƙauyukan ƙasar Maraɗi, in mace ta rasa mijinta takan yi takaba wata 4 da kwana 10. Dangi su kawo mata hatsi, maƙwabta su ɗebo mata ruwa. In ta fita takaba, kowa ya koma ga sha'aninsa. Daga ranar nan ne wahala ke somawa.

Haka ta faru ga wata mata a wajen Gidan Rumji, a shekarar 1984. Mijinta ya bar mata ƴaƴa huɗu da gamana ɗaya. Shekarar nan ruwa bai yi ba, ga iyakar Najeriya a rufe. Ita ce yunwar da mutane suka sa wa suna El Buhari. Matar ta sayar da akuyarta, ta sayar da kwanonin aurenta. Ta yi surfe da daka a gidajen mutane, ana biyanta da dusa. Ta tsinko anza a daji, ta yi kwanaki tana jiƙa ta har ɗacin ya fita, ta dafa wa yara.

Da damina ta yi kyau, ta ranto tiyar gyaɗa biyu. Ta soya, ta niƙa, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli. Man ya biya bashi, ƙulin ya ciyar da gida.

A shekarar 1991 aka soma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a Maraɗi. Da abin ya iso garinsu, ta shiga. Kowane mako mata su taru, kowace ta zuba ƴan kuɗinta cikin akwati. Mai bukata ta ci bashi, ta maido da ɗan ƙari. In lokacin ya cika, a raba. Da rabonta na farko ta sayi ɗan rago, ta yi kiwonsa, ta sayar gab da layya. Daga nan ta sauke wa autarta farantin talla, ta sa ta makaranta.

Yau ta tsufa. Ƴan matan da mazansu suka tafi Libiya ko Abijan, aka daina jin labarinsu, wurinta suke zuwa. Ba ta ce musu su yi haƙuri kawai. Takan tambaye su: «Wace sana'a hannunki ya sani?» Sannan ta auna musu gyaɗa, su biya ran kasuwa.