Igiyar da Ta Raba Jarumta da Ganganci

Wata ranar Alhamis da almuru, na dawo daga ofis a gajiye, sai na tarar da ƙanwata zaune a ɗakin uwargidana, fuska a murtuke, idanu sun yi ja. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba sai ta ce, "Yaya, in ba ka tsawata wa ɗanka ba, wata rana gawarsa za a kawo mini." Ɗan nata na fari take nufi, yaro ɗan shekara 16, wanda tun yana goye ba ya iya zama wuri ɗaya. Laifinsa shi ne ya shiga wata ƙungiyar samari masu fita hawan duwatsu ran Asabar, har ta ga hotonsa a waya yana reto jikin igiya a gefen wani dutse. Ta ce ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka, duk a banza, saura ni da yake jin nauyina.

Na amsa mata da to, amma a daren nan barci bai zo mini da wuri ba, domin maganarta ta tono mini wani tsohon miki. Duk wanda ya tashi a Jos ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari. Tun farkon ƙarnin da ya shige kamfanonin Turawa suka yi ta tonon ƙasa a Bukur da Barikin Ladi da Rayfield da sauran wurare, da kasuwar kuza ta faɗi kuwa aka watse aka bar ramukan, ruwa ya cika su. Muna yara nan ne wurin gwada ƙwazonmu. Mukan sulale bayan an tashi daga makarantar allo, mu hau gaɓa mafi tsayi mu yi tsalle mu faɗa, wanda ya ƙi kuwa a yi ta yi masa kirarin ragwanci har gida. Ina ɗan shekara 12 wani abokina ya yi irin tsallen nan a gabanmu, muka tsaya muna jiran ya ɓullo, bai ɓullo ba sai washegari, a hannun masu ninƙaya da aka ɗauko. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa kududdufin kuza ba kogi ba ne, gaɓarsa a miƙe take kamar rijiya, ruwansa na ƙasa sanyi ƙarara, gindinsa kuma taɓo ne mai riƙe ƙafa. Abin da aka gaya mana kawai shi ne kada mu je, mu kuwa muka riƙa zuwa a ɓoye.

Saboda haka na ƙudurta ba zan hana yaron nan kome ba sai na ga abin da idona, tun da gani ya kori ji. Ran Asabar da sassafe, sanyin Jos na ratsa ƙashi, na bi shi muka kama hanyar Lamingo zuwa duwatsun Shere, waɗanda ke wajen kilomita 10 gabas da gari. Mai karatu da bai san wurin ba, ya sani cewa ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829 daga doron teku, watau ƙafa 6,000 ke nan, ita ce kuwa wuri mafi tsayi a duk tudun Filato. Duwatsu ne jibga-jibga, wani bisa wani, ga kogwanni, ga tsagu, in ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi.

Hawan duwatsun nan ba sabon abu ba ne, ko da yake da yawanmu mazauna gari ba mu kula ba. A gindinsu akwai makarantar dutse ta Cibiyar Horon Zama Ɗan Ƙasa da Shugabanci, wadda jama'a suka fi sani da Man O' War. Asalinta a shekarar 1951 wani Bature mai suna Alec Dickson ya kafa ta a bakin teku kusa da garin Victoria, wanda yanzu ake kira Limbe, a Kudancin Kamaru. Da yankin ya rabu da Nijeriya a 1961 sai aka dawo da ita Kurra Falls a nan Filato, daga baya kuma ta zauna a Shere. Manufarta tun farko ita ce a ɗauki matashi a kai shi inda zai ji tsoro, sa'an nan a koya masa yadda zai mallaki kansa a wurin. Jagoran ƙungiyar su ɗana ya ce mini a nan aka hore shi.

Mun yi kamar sa'a biyu muna hawa, ina haki kamar wanda kura ta koro, kafin mu iso bakin wani dutse mai fuska a miƙe, tsayinsa zai yi bene mai hawa uku. Nan ne ake saukar igiya. Abin da na fara lura da shi shi ne jagoran bai yi gaggawar kome ba. Ya warware igiyoyi biyu ya bi su da hannu taƙi bayan taƙi yana duba ko akwai inda suka ci. Ya ɗaure kowace a wurinta daban, ya jijjiga, ya sa wani ya sake dubawa. Kowane yaro sai an ɗaura masa ɗamarar da ke kama ƙugu da cinyoyi, an maƙala ƙugiyar ƙarfe, an sa masa hular kwano. Igiya ɗaya mai sauka ke sarrafa ta, ɗayar kuwa tana hannun jagora, ko da mutum ya saki tasa don firgita. Wani saurayi ya nemi ya tsaya a bakin dutsen ya ɗauki hoton kansa ba ɗamara, nan take aka mai da shi baya, aka ce ya gama wasa a ranar.

Ina tsaye ina rubuce-rubuce a ɗan littafina, sai yaron ya ce, "Kawu, ai ɗan jarida ba ya ba da labarin abin da bai ɗanɗana ba." Yara suka fashe da dariya. Kunya ta hana ni ƙi. Aka ɗaure ni, jagora ya ce, "Malam, ka juya wa ramin baya, ka buɗe ƙafafu, ka kwanta cikin igiyar kamar mai jingina da kujera." Jama'a, faɗa da baki ne mai sauƙi. Duk wata gaɓa ta jikina cewa take in rungume dutsen, alhali kuwa wanda ya rungume shi shi ne ƙafarsa ke zamewa. Gwiwoyina suka kama rawa, bakina ya bushe, na karanto duk addu'ar da na sani. Da na saki jiki na jingina, sai na ji igiyar ta ɗauke ni, tafin ƙafata ya zauna daram a jikin dutsen. Na sauka taku bayan taku, ban fi minti uku ba, amma da na taka ƙasa sai na ji kamar an sake haihuwata. A nan na gane abin da yaran nan ke bi, na kuma gane shi ne abin da muka je nema a kududdufi shekarun baya. Bambancin kawai, su suna da igiya da mai riƙe ta, mu kuwa ba mu da kowa.

Da na koma gida na yi ta tunanin wasannin kasada da ake yi a duniya, sai na ga kusan duk wanda ya daɗe ana yinsa yana da tasa igiyar. A tsibirin Pentecost na ƙasar Banuwatu, cikin tekun Fasifik, maza kan gina hasumiyar itace mai tsayin mita 20 zuwa 30, su ɗaura kurangar daji a idon sawu, su faɗo da ka har gashinsu ya shafi ƙasa. Ba a yinsa sai tsakanin Afrilu da Yuni, lokacin da kurangar ke da danshi tana miƙewa, kuma gwani ne ke auna wa kowa tasa. A 1974 aka karya ƙa'idar nan aka yi wasan ba a lokacinsa ba don Sarauniyar Ingila ta gani, kuranga ta tsinke, mutum ya rasa ransa. Daga wasan nan ne wasu samari na wata ƙungiya a Oksfod suka ɗauki dabara, ran 1 ga Afrilu 1979 suka faɗo daga gadar Clifton a birnin Biristol da igiyar roba a jikinsu, abin da ya zama sana'a a ƙasar Niyuzilan tun daga 1988. A Nikaraguwa kuma akwai masu hawa dutse mai aman wuta da ake kira Cerro Negro, su zauna bisa allon katako su gangaro cikin baƙar toka a guje, amma sai da rigar kariya da tabarau da jagora. Ko Ba'amurken nan Alex Honnold, wanda a 2017 ya hau dutsen El Capitan mai tsayin wajen mita 900 ba igiya cikin abin da bai kai sa'a huɗu ba, sai da ya daɗe yana bin hanyar da igiya, har ya haddace inda kowane yatsa zai kama. Masu kallon hotonsa ba su ga wannan wahalar ba, tsallen ƙarshe kawai suka gani.

Kada kuma mai karatu ya zaci neman kasada ɗabi'ar Turawa ce da waya ta kawo mana. Mu ma muna da namu tun kaka da kakanni, sai dai wasu sun fara ɓacewa. Ga dambe, ga sharon Fulani, ga wasan 'yan tauri, ga gardawa masu wasa da kura da maciji. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne hawan ƙaho na mahauta, wanda na taɓa gani ina yaro a garin kakannina a ƙasar Kano, ranar jajiberin Salla. Aka fito da wani bajimin sa yana huci yana tonon ƙasa, kalangu na tashi, wani saurayi ya yi kirari ya tunkare shi, ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuyansa, san na watsa shi sama da ƙasa. A lokacin jarumin kaɗai na gani. Sai yanzu na tuna cewa akwai igiya a kan san, akwai wata a ƙafarsa ta baya, ƙarti na riƙe da kowace, Sarkin Fawa da dattawan sana'a kuma na tsaye suna lura, in abin ya nemi ɓaci su sa a ja. Yaron da ya hau kuwa ba daga sama ya faɗo ba, a gidan fawa ya tashi, ya san halin sa tun yana ƙarami. Ashe kakanninmu ba su hana matashi gwada zuciyarsa ba, fili suka ba shi, suka kafa masa sharaɗi, suka tsaya a kansa.

To, abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne, wane fili muka bai wa namu yaran a yau? Jinin ƙuruciya bai canza ba. Yaron da aka kulle wa ƙofar dutse, shi ne za ka gani ran ɗaurin aure yana ɗaga ƙafar babur ta gaba a tsakiyar titi ba hular kwano, ko ya maƙale a bayan tirela, ko ya sulale kududdufi kamar yadda muka yi. Waɗannan ba su da malami, ba su da ƙa'ida, ba su da mai cewa ya isa, sai 'yan kallo masu zuga da ɗaukar hoto. Wannan shi ne ganganci, kuma shi ke cika asibiti da maƙabarta. Ba ina cewa hawan dutse ba shi da haɗari ba ne. Yana da shi, wanda duk ya ce maka babu kada ka ba shi ɗanka. Amma an koya mana mutum ya ɗaure raƙuminsa tukuna, kana ya dogara ga Allah.

Don haka ina kira ga iyaye, in yaro ya zo da irin wannan sha'awa, kafin a ce a'a ko i, a je a gani. A tambaya wa ke jagora, ina ya koya, igiya nawa ake ɗaurawa, wa ke duba ta, me ake yi in hadari ya taso, domin dutsen da ruwa ya jiƙa santsi gare shi kamar sabulu, kuma tsawa ta fi sauka a wuri mai tsayi. Ina kuma roƙon hukuma da shugabannin unguwanni su sa alamun gargaɗi a bakin kududdufan nan, a kuma samar da wurin da za a koya wa yara ninƙaya a hannun gwanaye, gama iya ruwa fid da kai. Makarantu ma, na boko da na Islamiyya, ba abin da zai rage su in sun riƙa kai ɗalibai duwatsun nan bisa tsari. Allah ya ajiye mana su a bakin ƙofa, baƙi na zuwa daga Legas da Abuja don su hau, mu kuwa sai dai mu hango su ta tagar mota.

Da na je wa ƙanwata da bayani, ta saurara har na ƙare, sa'an nan ta ce, "Watau Yaya, na aike ka ka hana shi, kai ma ka je ka hau?" Na ce haka ne. Na gaya mata sharuɗɗan da muka yi da yaron: ba zai fita ba sai da jagora, ba zai hau ba igiya ba, ba zai je kududdufi ba ko da wa ya kira shi rago, ranar da ya saɓa ɗaya kuwa ni da kaina zan karɓe takalmansa. Ba ta ce ta yarda ba, hankalinta kuma bai kwanta duka ba, ban kuma ga laifinta ba, uwa ce. Amma Asabar da ta biyo baya, yaron ya ce mini da asuba ya tarar ta dafa masa ƙwai ta ƙulle a leda, ta cika masa gorar ruwa ta ajiye a bakin ƙofa. Allah ya kiyaye mana zuriya, ya ji ƙan waɗanda ruwa ya ci, amin.