Motar da ke Murza wa Kanta Sitiyari

Duk mai karatun injiniyancin motoci a nan Ingila ya san gasar Formula Student, wadda aka fara a 1998, aka kuma mayar da ita filin tsere na Silverstone a 2007. Ɗalibai ne ke zana ƙaramar motar tsere, su ƙera ta, ɗayansu ya shiga ya tuƙa. A rukunin jami'armu kowa inji yake so. Ni ƙafafun gaba aka ba ni, kuma a nan na san wata cuta da mota ke ɓoyewa.

Cutar ita ce, taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, sai ta karkata ciki ko waje alhali direba bai taɓa sitiyari ba. Dalili kuwa, hannuwan da ke riƙe da taya da kuma tayarod kowanne yana da baka da yake bi idan taya ta yi sama ko ƙasa. In bakan nan suka saɓa, tayarod zai ja taya ko ya tura ta. Alaimen ɗin da bakanike ke yi mota na tsaye ba ya nuna wannan.

Awonta haƙuri yake so. Muna cire sifirin, mu kulle sitiyari, mu ɗaura faffaɗan faranti a mazaunin taya. Sai mu jingina agogon awo biyu a jikinsa, ɗaya gaba ɗaya baya. Daga tsayin da mota ke zama, muna ɗagawa da jak milimita 10, mu rubuta bambancin agogon biyu, mu ƙara, har mu ƙure, sannan mu yi ƙasa. Dokar gasar ta ce taya ta iya motsin aƙalla milimita 50, saboda haka duk tsakanin nan sai an bi shi.

Lambobin su ke faɗin magani. In taya ta shiga ciki a sama ta fita waje a ƙasa, ko akasin haka, to mazaunin tayarod ya yi sama ko ya yi ƙasa, sai a ƙara washa ko a rage. In kuwa ɓangare ɗaya take karkata sama da ƙasa, tsawonsa ne bai dace da na hannuwan ba. Washa mai kaurin milimita ɗaya takan ci mana yini guda.

Abin da ya sa ban taɓa ƙosawa ba shi ne, wanda zai tuƙa motar abokina ne, tare muke cin abinci. In gaba ya kufce masa a kwana, ba maki kaɗai za mu rasa ba.

Shi ya sa nake kira ga 'yan'uwa masu sayen tsohuwar mota su sa gajeren sifirin don ta kwanta ta yi kyau. Saukar da mota yana canza kusurwar tayarod da ta hannuwa. Rigakafi ya fi magani: kafin ka hau babbar hanya, ka tambayi mai garejin ko ya auna karkatar taya a sama da ƙasa. In ya ce alaimen ya isa, nemi wani. Allah Ya kiyaye hanya, amin.