Ƙofar da Ta Zo da Gida

Duk na'urar da mutum ya saya, kwamfuta ce ko waya, tana zuwa da ƙofarta ta shiga intanet. Ba kai ka zaɓe ta ba, ba a kuma yi shawara da kai ba. Kunnawa ka yi ka tarar da ita a kan allo tana jiranka. Mafi yawanmu ta nan muke shige da fice har na'urar ta mutu, domin a zuciyarmu abin da kamfani ya sa da hannunsa ya fi wanda za mu ɗauko daga waje aminci. Na haura shekara goma ina rubuta manhajoji, kuma cikin duk zaton da mutane ke yi wa na'ura ban ga wanda ya kai wannan wuyar kankarewa ba.

Mu da muka tashi a zamanin kafe mun san shuɗin harafin nan na "e" mai zobe. A wurinmu shi ne intanet ɗin kansa. In za ka duba sakamakon WAEC ko ka cike JAMB, sai ka sayi awa ɗaya, mai kafe ya miƙo maka 'yar takarda mai lamba, ka zauna ka latsa "e". Da yawanmu ba mu ma san sunansa Internet Explorer ba, balle mu san cewa burauza ce kawai cikin burauzoji, wato manhajar da ke ɗauko shafi daga nesa ta shimfiɗa maka shi a gabanka. Sai da na shiga jami'a na fahimci yadda aka yi harafin ya zama sarki.

Kamfanin Microsoft ya fitar da ita a watan Agusta na 1995, lokacin da Netscape ce ke riƙe da kasuwa. Dabarar da ya yi mai sauƙi ce: ya ɗinke ta a jikin Windows, kyauta, yadda duk wanda ya sayi kwamfuta zai tarar da ita. Kafin a je ko'ina Netscape ta durƙushe, kuma a farkon shekarun 2000 cikin kowane mutum goma masu shiga intanet, kusan tara ta "e" suke bi. A 1998 gwamnatin Amurka ta maka kamfanin a kotu kan danne abokan hamayya. Cikin hujjojin da ya kare kansa da su har da cewa burauzar ba baƙuwa ba ce, wani sashe ce na Windows da ba a raba su.

To, wannan hujjar ita ce ainihin matsalar. Injin da ke buɗe shafuka a cikinta, wanda ake kira MSHTML, shi ne kuma wasu sassan Windows da wasu manhajojin ke ara in za su nuna rubutu irin na intanet. Ga kuma wata fasaha mai suna ActiveX da aka shigo da ita a 1996, wadda ke bai wa shafi damar gudanar da ƙaramar manhaja a cikin kwamfutarka da irin ikon da kai kanka kake da shi. A zamanin Windows XP kuwa kusan kowa da cikakken ikon mai gida yake aiki. Ka ga ke nan baƙon da ya yi sallama a zaure, in ya iya baki, ba abin da zai hana shi wucewa har ƙuryar ɗaka. Ƙari a kan haka, bayan fitowar Internet Explorer 6 a 2001 sai da aka shekara biyar kafin ta 7 ta fito a 2006. Wanda ba shi da abokin tsere ba ya sauri.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Yuni na 2004 masu kutse suka shiga wasu shafuka na mutunci suka dasa musu tarko, ta yadda duk wanda ya ziyarce su da Internet Explorer za a iya cusa masa manhajar da ke naɗe abin da yake bugawa, har da kalmomin sirri. Mutum bai sauke komai ba, bai amince da komai ba, leƙawa kawai ya yi. Hukumar tsaron kwamfuta ta Amurka ta sa amfani da wata burauzar daban cikin shawarwarinta. A Nuwamban shekarar Firefox ta fito. A Janairun 2010 Google ya bayyana cewa an yi masa kutse, aka kuma gano cewa wata ɓaraka ta Internet Explorer na cikin hanyoyin da aka bi, har hukumomin Jamus da Faransa suka shawarci jama'arsu su kauce mata tukuna. A Afrilun 2014 aka sake gano wata da ta shafi tun daga ta 6 har zuwa ta 11, 'yan makonni bayan an daina kula da Windows XP.

Kada mai karatu ya ɗauka sauran burauzojin mala'iku ne suka rubuta su. Ni da nake wannan sana'a na san babu manhajar da ba ta da kuskure. Wanda duk ya ce maka tasa ba ta da shi, bai duba ba ne. Ana samun ɓaraka a Chrome, ana samu a Firefox, har gobe. Bambancin abu biyu ne. Na farko, an gina su ne da zaton cewa baƙo na iya zama ɓarawo, don haka ake killace kowane shafi a ɗakinsa, ba ya taɓa na kusa da shi, ba ya kuma isa ga kayan gida cikin sauƙi. Chrome ta zo da wannan tsari tun fitowarta a 2008. Na biyu, kuma shi ne babba, suna sabunta kansu duk bayan 'yan makonni ba tare da sun jira ka tuna ba.

Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan tun kafin ya san kwamfuta. Katangar da ta shekara hamsin a tsaye ba don an gina ta da ƙarfe ba ne, don duk shekara kafin damina akwai mai kwaɓa ƙasa ya yi mata yaɓe. Ranar da aka daina, ba ta faɗuwa nan take. Tana nan yadda ka san ta, har ka riƙa jingina da ita, alhali ruwa na cin ta ta ciki. Haka manhajar da masu ita suka daina yi wa faci take: tana buɗewa, tana aiki, babu wata alama a fuskarta.

Wannan ne na yi ta ƙoƙarin fahimtar da Baffana a 2022, shekarar da Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya, ranar 15 ga Yuni. Baffa yana da shagon buga takardu da hoto a Kano, kuma kwamfutarsa ta ga abin da ya fi nawa sirri: takardun haihuwa, takardun filaye, lambobin asusun mutane, fom ɗin neman aiki na 'ya'yan unguwa. Windows 10 ce a kanta, amma shi har lokacin "e" ɗinsa yake latsawa.

Na ce, "Baffa, wannan fa masu ita sun sallame ta. Ku bari in sa muku wata."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Injiniya, da tsohuwar zuma ake magani. Shekara nawa ina aiki da ita, me ta taɓa yi mini?"

Na so in ce masa sabo turken wawa, amma ba a faɗa wa Baffa haka. Kuma da na zauna na saurare shi sai na ga ba sabo kaɗai ba ne. Shafukan da yake buɗewa kullum duk a cikinta ya adana su, bai haddace adireshin ko ɗaya ba. Sannan akwai shafin wata ma'aikata da yake cike wa mutane fom a kai, wanda ba ya buɗewa daidai sai a cikinta. A wurinsa cire "e" daidai yake da rufe shago. Mu masu fasaha muna saurin kiran irin wannan jahilci, alhali lissafin abinci ne.

Don haka aka bi abin a hankali. Na fara sauke Firefox, na kwaso masa duk adanannun shafukansa zuwa cikinta, ya gan su da idonsa a jere yadda ya saba. Na shiga Settings, sashen Default apps, na mai da ita burauzar da za ta riƙa buɗe duk linkin da aka latsa. Shafin ma'aikatar nan kuwa na saita masa shi a Edge, wadda ke da wani yanayi na musamman da ke buɗe tsofaffin shafuka irin na Internet Explorer, kuma Microsoft ya ce zai ci gaba da kula da shi aƙalla har 2029. Shafi ɗaya tak ke bi ta nan, sauran duka ta sabuwar hanya.  Na ajiye tambarin Firefox daidai inda "e" yake zama a da, na canza masa suna zuwa "Intanet", na kuma gaya masa abin da na yi. Ya ce, "To, Allah Ya yi albarka. In ta ƙi aiki dai na san gidanku."

Ba Baffa kaɗai ya taɓa shiga irin wannan ƙangi ba. Ƙasa guda ta shiga. Tun ƙarshen shekarun 1990 Koriya ta Kudu ta gina harkar banki da cinikin intanet a kan wani tsarin tantancewa da ya dogara da ActiveX, sai ya zamana mutanen ƙasar da ke cikin mafiya saurin intanet a duniya ba sa iya biyan kuɗi sai ta Internet Explorer. Sun daɗe suna fama kafin su kuɓuta. Shi ya sa da aka yi mata ritaya wani injiniya a can ya sa aka sassaƙa mata dutsen kabari a birnin Gyeongju, aka rubuta cewa ta yi amfani wajen sauke wasu burauzojin. Duniya ta yi dariya, amma darasin na masu gina shafuka ne irina: duk shafin da ka ɗaure a jikin manhaja ɗaya, ka ɗaure dubban mutane tare da shi.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne kashe ta ba ya nufin ta bar gidan. Injin MSHTML yana nan a cikin Windows. A 2021 an kama masu kutse suna isa gare shi ta takardun Word da suke aika wa mutane, a 2024 kuma aka gano wasu na amfani da ƙananan fayilolin gajeriyar hanya suna tayar da Internet Explorer a kwamfutocin da ake zaton ta mutu. Maganin waɗannan sabunta Windows ɗin kanta ne. Nan ne kuma hankalina ke tashi in na ga kwamfutocin gwanjo da ake sayarwa da Windows 7, wadda aka daina kula da ita tun Janairun 2020. Windows 10 ma wa'adinta na gama-gari ya cika a Oktoban 2025. Ƙofar ƙarfe a jikin katangar da ta zube ba ta tsare komai.

Na san yawancin masu karanta wannan a waya suke karantawa, wataƙila ma wani bai taɓa ganin shuɗin "e" ba. Labarin bai tsallake ka ba. A 2014 wani mai bincike ɗan Pakistan, Rafay Baloch, ya nuna cewa burauzar da ke zuwa da wayoyin Android kafin 4.4 tana da ɓarakar da za ta bar mugun shafi ya leƙa abin da ke cikin wani shafin da ka shiga. Miliyoyin wayoyi ba su taɓa samun facin ba, domin burauzar a ɗinke take da wayar, masu ƙera wayar kuma sun wuce gaba. Daga Android 5.0 ne aka ware injin ya koma sabuntuwa ta Play Store.

Ba kowace burauzar da ta zo da na'ura ce abin gudu ba. Safari da Edge da Chrome su ma tarar da su ake yi, kuma ana kula da su. Tambayar ba ita ce daga ina ta zo ba, tambayar ita ce wa ke yi mata yaɓe, kuma yaushe rabonta da shi. Nemi sunan burauzar wayarka a Play Store ka duba ranar da aka sabunta ta. In ba ta can gaba ɗaya, ko ta shekara ba a taɓa ta ba, sauke Firefox ko Chrome, ka mai da ita ta dindindin a Default apps, sannan ka shiga Apps ka latsa Disable a kan tsohuwar. In kuma ka latsa linki a cikin Facebook ko wata manhajar ya buɗe a nan ciki, kada ka buga lambar katinka ko kalmar sirrinka a wurin. Fito da shi zuwa burauzar da ka sani, inda za ka ga adireshin sosai.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi yi mini ciwo, domin ba na rashin sani ba ne. Da yawanmu mun kashe sabuntawa don tsimin data, kuma wanda ke ƙirga megabayit ɗinsa ba za a ce bai da hujja ba. Amma in ba za ka iya sabunta komai ba, ka sabunta uku: burauzarka, da Android System WebView, da manhajar bankinka. Ka yi da dare in akwai garaɓasa, ko in ka samu wayfai a wurin aiki ko makaranta. Wayar nan ita ce asusunka, ita ce akwatin wasiƙunka, a cikinta hotunan iyalinka suke. Datar da za ta ci ba ta kai ta 'yan bidiyon da za ka kalla kafin barci ba.